Mero Mai Kudaku

Duk wanda ya ci kasuwar Illo a shekarun da suka biyo bayan samun mulkin kai ya san Mero mai kudaku. Ko bai san sunanta ba, hancinsa ya san tandarta. Kudaku dai shi ne abin da mutanen gabas ke ce wa dankali, ita kuwa masa take yi da shi, jajaye, masu ƙamshin ƙuli-ƙuli. Gajeruwar mace ce mai ɗaurarriyar fuska, kamar tun da asuba wani ya taka mata ƙafa bai ba ta haƙuri ba. Ba ta tallata kayanta, ba ta yi wa yara wasa, amma duk da haka yaran ne ke yanyame ta. A gefenta kullum akwai wata budurwa zaune da ƙaramin turmi tsakanin ƙafafunta tana dakan ƙuli, ba ta ɗaga kai ta dubi kowa. Baƙi kan ce wannan yarinya akwai kunya. Mutanen gari ba su gyara musu zancen, sai dai su karɓi masarsu su yi gaba.

A ƙetaren iyaka aka haifi Mero, a wani ƙauyen Dandawa cikin Dahome, wadda a lokacin ake ce wa ƙasar Faranshi. Wanda ya fita daga can bayan sallar asuba, kafin rana ta take yana Tungar Gidaɗo, kusa da Illo, inda Mero ta auri Arzika manomin shinkafa. Iyakar a wancan zamani wani dutse ne da aka shafa wa farar ƙasa, awaki na hawa kansa suna sauka. Kayan da ta zo da su daga gidan uwarta ba su cika jaki ba: tanda ɗaya, tukwane uku, da 'yan ƙore. Sai hannun girki, da kuma ji da kai a kan girkin nan. Mero na iya yafe wa wanda ya zage ta, amma wanda ya ci tuwonta ya tashi bai ce uffan ba, sai ya kwana biyu bai ga haƙoranta ba. Arzika kuwa Allah ya yi shi cikin masu ci su tashi.

Sun haifi biyu, Rahmatu da ƙanenta Ɗanliti. Ana saura shekara biyu Turawa su tafi, kogin Kwara ya cika, ambaliya ta haura fadama, ta zauna a kan shinkafar tungar har ta ruɓar da ita. Abin da ya rage a rumbu da ƙyar ya kai su bazara. Da damina ta sake faɗuwa, gero na gona ko kai bai fitar ba, sai tungar gaba ɗaya ta koma kan ganyen tafasa. Da safe tafasa, da yamma tafasa. Farko ana samun ɗan ƙuli a barbaɗa, daga baya ya zama gishiri kaɗai, daga baya gishirin ma ya ƙare.

Ɗanliti na da shekara uku, cikinsa bai ɗauki wannan ba. Gudawa ta kama shi kwana shida. A rana ta bakwai Mero ta bar shi a cinyar Rahmatu, ita kuma tana 'yar shekara shida, ta ce ta riƙa kore masa ƙuda, ta fita bayan gari neman abin da za a ɗora a murhu. Ta dawo da ƙwarya cike da ganye, ta tarar da yarinyar zaune yadda ta bar ta, tana goge wa yaron baki da gefen zanenta. Ya yi amai, zanen duk ya yi kore. Ya riga ya cika, Rahmatu ba ta sani ba, tana ta gogewa.

Manya suka ce kwana ne ya ƙare. Rahmatu ba ta yi musu da kowa ba, amma ta yanke nata hukuncin: ganye ne ya kashe Ɗanliti. Daga ranar ko da gero ya nuna, aka koma tuwo da miya kamar kowane gida, ita ta rabu da duk wani abu kore. Kuka, kuɓewa, yakuwa, zogale, ko ɗigon ɗaya ta hango a gefen akushi sai ta ture. Tuwo gaya take ci, ta kora da ruwa. Mero ta lallasa, ta yi faɗa, ta ɗauko kara. Arzika ya taɓa matse ta tsakanin gwiwoyinsa ya ɗura mata miyar kuka, ta mayar masa da ita a kan riga, ta kuma kwana biyu ba ta sa komai a baki ba. Daga nan ya ce a ƙyale ta, yunwa za ta koya mata hankali. Yunwar kuwa ita ce ta riga ta koya mata wancan.

Sai da shekara ta zagayo Mero ta fara lura. Da rana Rahmatu ras take, tana ɗebo ruwa, tana kiwon akuya. Da zarar an kira magariba sai ta zama wata yarinya dabam. Ta yi tuntuɓe da turmi, ta taka kaza, ta lallaɓa jikin zana tana bin sa da hannu har ƙofar ɗaki. Ranar da ta fasa tulu, Mero ta zabga mata mari, ta ce sakarci ne. Yarinyar ta riƙe kunci ta ce, "Inna, ban gane shi ba." Tulun kuwa yana tsakar gida ɓaro-ɓaro, sararin sama ma bai gama yin ja ba. Wannan marin ya daɗe yana damun Mero, don a lokacin ta gane dundumi ne.

A makon da aka yi bikin mulkin kai, ana ta kiɗa a Illo ana raba wa 'yan makaranta tutoci, Mero ta ratsa taron riƙe da hannun 'yarta, ba kallo ya kawo ta ba. Ɗakin shan magani ta nufa, wurin Malam Maliki, wani dogon mutum mai yawan shiru. Ya juya yarinyar wajen haske, ya ɗaga fatar idonta da babban yatsa. A gefen farin idon akwai wani abu kamar kumfar sabulu da ta bushe.

"Mi taka ci?" ya tambaya.

"Tuwo, Malam. Sai kudaku in ya samu."

"Miya hwa?"

Mero ta sunkuyar da kai.

Ya ce, "Baiwar Allah, idon ga yunwa shika ji. Ganye shika so, da manja, da kabushi, da hanta in kin samu. Dundumi ba komi na ba, shina warkewa. Amma ki ji ni da kyau. In ƙyanda ta iske ta da wanga ido, to, tahiya za ta yi da shi. Na gani ba ɗaya ba, ba biyu ba."

Hanta kam Mero ta sani, tun a gidan uwarta. Amma a tungar da ba ta gama miƙewa daga yunwa ba, wa ke yanka? Sau biyu ta samo 'yar tsoka ranar kasuwa, dundumin ya yi sauƙi kwana kaɗan ya dawo. Zogale kuwa ga shi nan a bayan kowane gida, ba mai hana ka. Magani na tsaye a bayan ɗaki, mara lafiya na cikin ɗaki, amma an rasa mai haɗa su.

Kaka ta yi, aka fara haƙar kudaku a bakin fadama. Shi ne abu ɗaya da Rahmatu ke ci da marmari, sai Mero ta ce to, ta nan za ta bi. Gwajin farko ta dafa zogale ta kirɓa shi da kudakun. Yarinyar ko zama ba ta yi ba, daga tsaye ta hango kore ta juya. Na biyu ta rage ganyen ta ƙara barkono, Rahmatu ta kai hanci ta ajiye. Da wata macen ce, da ta haƙura a nan. Mero kuwa abin ya tashi daga jinya ya koma gasa tsakaninta da 'yar shekara bakwai, kuma ita ba a kayar da ita a gaban murhu.

Ta shanya zogalen a inuwa, a kan rufin rumbu ta ciki inda yarinyar ba ta leƙawa. Da ya bushe, sai ta jira Rahmatu ta tafi rijiya, ta ja turmi bayan ɗaki ta daka, ta tankaɗe da rariya, ta sake tacewa da tsohon kallabinta har ya zama kamar kwalli don laushi. Ta gauraya shi da garin ƙuli mai duhu, ƙulin ya danne warin. Saura launi. Launi kuwa sai manja, manja kuma sai kasuwar garinsu a ƙetare, inda ake kawo shi daga kudu. Yanzu can ma sun sami nasu mulkin kan, a wajen dutsen nan an dasa mutane masu kaki ta kowane gefe, suna tambayar mace ina za ta, alhali gidan uwarta za ta. Mero ta bar musu hanyar ta bi ta cikin gonaki, ƙaya na cin ƙafarta, ta dawo da gora guda cike. Ta dafa kudaku da 'yar kabewa, ta kirɓa, ta zuba garin nan, ta kwarara manja, ta ɗora tandar uwarta. Masar ta fito ja, bayanta ya soyu ya yi ƙus-ƙus, cikinta kamar gwaiduwa.

Rahmatu ta ɗauki ɗaya, ta raba biyu, ta fita da ita rana ta duba. Ta shinshina. Sannan ta dubi uwarta ido cikin ido.

"Inna, mi ac ciki?"

"Ba komi, ɗiyata. Kudaku na da ƙuli."

"Babu ganye?"

"Babu."

Ta ci biyar a zaune. Mero ta juya baya tana gyara itacen murhu.

Kafin wata ya cika, wata magariba akuya ta tsinke igiya ta yi bayan gida. Mero na alwala, sai ta ga Rahmatu ta tashi da gudu, ta tsallake turmi, ta kauce wa tulu, ta bi ta ƙaramar kafar zana ta kamo akuyar. Ba ta laluba komai ba. Mero ta zauna da buta a hannu ta rasa inda ta tsaya a alwalar, sai da ta sake daga farko. Tun mutuwar Ɗanliti ba ta ji daɗi irin na wannan yammaci ba.

To, a nan ne halinta ya taso mata. Ta yi girkin da ya fi kowane girki a rayuwarta, kuma ingancinsa shi ne kada kowa ya sani. Arzika ya ci masar nan wata biyu, abin da ya taɓa cewa shi ne a ƙaro. Abin ya riƙa cin Mero. So take ko mutum ɗaya ya ci, ya kasa ganewa, ta san cewa ba yarinya kaɗai ta rufe wa ido ba. A tungar kuwa in ana maganar harshe, akwai Gwaggo Atika, tsohuwar da zana ɗaya ya raba gidanta da nasu, wadda ake cewa in ta kurɓi ruwa tana faɗin rijiyar da aka ɗebo shi. Mero ta ce a ranta, in ta wuce Gwaggo Atika, ta wuce kowa. Ta zaɓi masu kyau guda bakwai ta jera a ƙwarya, ta rufe da faifai, ta ba Rahmatu ta kai. Ba ta aika da wani bayani ba, don bayani zai ɓata gwajin.

Abin da ba ta tsaya ta tuna ba, shi ne abin da kowace mace a ƙasar ta sani tun tana goye: ƙwaryar maƙwabta ba ta komawa wofi. Ko gyaɗa ce, ko 'yar daddawa, sai an sa wani abu. Mace mai hankali kuma takan duba abin da mai ƙwaryar ke bukata ta sa mata shi. Gwaggo Atika mace ce mai hankali.

Washegari da hantsi Mero na surfe, sai ta ji muryar tsohuwar ta bayan zana tana kiran Rahmatu ta zo ta karɓi ƙwaryar innarta. Ta ci gaba da surfenta, har tana ɗan murmushi, tana jiran yabo. Gwaggo Atika kunnenta ya yi nauyi, don haka ba ta iya magana a hankali ba.

"Ungo, jikata. Ki ce ma innakki na gode, Allah shi yi albarka. Ki ce mata zogalen da tas sa cikin masag ga ya ji daka, amma na bayan gidana ya hi nata zaƙi. Ga shi nan na cika mata ƙwarya, ta riƙa sa maki da yawa."

Taɓarya ta tsaya a sama. Mero ta buɗe baki ta yi kira, ta rasa wa za ta kira, tsohuwar ko yarinyar.

Rahmatu ta shigo a hankali, ƙwaryar a hannu biyu, faifan ya zame, ganye ɗanye shar har baki. Ta ajiye a gaban uwarta. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi.

"Tun yaushe?"

"Rahmatu, zamna ki ji."

"Kin ce babu."

"Don idonki na, ɗiyata. Ba ki ga kin warke ba? Ba ki ga kin kamo akuya ba?"

"Abin da yak kashe Ɗanliti kika ba ni kullum, kina kallona ina ci."

Ta koma bayan ɗaki ta sa yatsa a maƙogwaro.

Da yamma Mero ta shiga gidan Gwaggo Atika da faɗa a bakinta. Tsohuwar ta saurara da hannu a kunne, da ta gane abin da ya faru sai ta zauna daɓas a kan tabarma. Ta ce, "Mero, kin hwaɗa man? Ko da ido kin yi man alama? Ni alheri niy yi nuhi." Tsohuwa ba ta yi komai ba sai abin da aka saba yi. Mero ta fito ba ta yi sallama ba, don ta san mai laifin, kuma tare za su koma gida.

Daga ranar Rahmatu ta daina cin duk abin da aka kirɓa, ko aka dama, ko aka gauraya. Kudaku sai guda, ita za ta binne shi a toka, ita za ta ɓare. Manja ma ta sa shi cikin maƙiya, tunda da shi aka haɗa baki. Tuwo sai ta tsaya a kan tukunya tun daga zuba gari har kwashewa. Mero ta rantse mata da Allah a kan kunu cewa gero ne zalla, kuma gero ne zalla, yarinyar ta dube ta kawai ta kau da kai. Wannan kallon ya fi wa Mero zafi a kan zagi. Kafin sanyi ya wuce, Rahmatu ta koma bin zana da hannu.

Da bazara ƙyanda ta shigo tungar. Ta fara daga gidajen bakin rijiya, tana bi gida-gida, Mero na ƙirga su a ranta kamar mai jin takun baƙo. Ta hana Rahmatu fita, ta koma ɗebo ruwa da kanta ga tsohon ciki, don a lokacin tana ɗauke da na uku. Bai hana ba. Zazzaɓi ya zo, tari ya biyo, ƙuraje suka feso tun daga bayan kunne.

Ƙyanda kuwa tana da dokokinta a wurin tsofaffi. Ba a fitar da mai ita rana, ba a ba shi nama, ba a ba shi mai, sai kunu. Ƙanwar uban Arzika ta tare a gidan don ta ga an kiyaye. Mero ba tsoron tsohuwar ne ya ɗaure ta ba, da Rahmatu za ta karɓa, da ta ba ta hanta a gaban kowa, a yi duk wadda za a yi. Amma bakin yarinyar ya yi gyambo, kuma ko cikin zafin zazzaɓi, in ta ji hannun uwarta ne riƙe da ludayi sai ta datse haƙora. Daga hannun ubanta kaɗai take kurɓar ruwa. A rana ta biyar idanun suka kumbura suka rufe, suna tsiyayar ruwa. Aka ce haka take yi, in ta gama fitowa za su buɗe. Mero na jin maganar Malam Maliki a kunnenta safe da yamma. A rana ta tara ta daina sauraron kowa, ta goya 'yar shekara takwas a bayanta, ga ciki a gaba, ta kama hanyar Illo cikin rana. Arzika ya biyo ta da gudu ya karɓi yarinyar.

Malam Maliki ya wanke idon da ruwan ɗumi, ya buɗe na dama a hankali, ya buɗe na hagu. Inda baƙin ido yake a da, yanzu fari ne kamar an ɗiga nono. Ya ba su magani na ɗigawa don ciwon ya mutu, ya ce za ta rayu in Allah ya so. Mero ta ce, "Idon hwa, Malam?" Ya mayar da murfin kwalbarsa, ya ce ta yi haƙuri.

Ta rayu. Ƙurajen suka bushe, fata ta saɓule, aka bar wata 'yar ƙaramar yarinya mai dogon wuya zaune a ƙofar ɗaki tana juya kai wajen duk motsin da ta ji. Mero ta haihu a farkon damina, namiji, aka sa masa Manu. Tandar nan kuwa tun ranar ƙwaryar Gwaggo Atika tana kife a ƙarƙashin rumbu, kaji na kwana a kanta. Uwa da 'ya suna gida ɗaya, magana ba ta wuce ungo da na gode.

Sai da kaka ta sake zagayowa, ranar da Arzika ya shigo da kwandon kudaku na farko ya zube a tsakar gida. Rahmatu ta ji ƙamshin ƙasar fadama, ta miƙa hannu ta lalubo ɗaya, ta riƙa juya shi.

"Inna."

"Na'am."

"Ki yi man masa. Irin waccan."

Mero ba ta tambayi dalili ba, tsoro take kada magana ta kore abin. Ta ɗauko tandar ta wanke. Akwai sauran busasshen zogale a rufin rumbu. Ta ɗebo, ta kama turmi ta fara jan sa zuwa bayan ɗaki, yadda hannunta ya saba.

"Ina za ki da turmi?" Rahmatu ta ce. "Daka nan. Ba ni ganin shi."

Ta daka a nan, a gabanta. Ta soya, ta sa mata a ƙwarya. Yarinyar ta ci ɗaya, ta ci biyu, tana taunawa a hankali, ba don daɗi ba. Da ta kai ta huɗu sai ta tsaya.

"Na ji abin da Malam yac ce, wancan karon. Ya ce ganye na gyara ido. In ina ci kullum, da yawa, shina dawowa?"

Amsar da za ta sa yarinyar ta ci gaba da ci tana nan a bakin Mero, gajeruwa, mai sauƙi, irin wadda ta taɓa bayarwa. Ta dubi fararen idanun nan da ke fuskantar ɗan gefe da inda take. Ta ji ba za ta iya ba.

"Ba shi dawowa, ɗiyata."

Man tanda ya fara ƙauri. Hawaye na zuba daga idanun Rahmatu, don wannan aikin kam ba su manta ba. Can ta goge fuska da bayan hannu, ta ce, "Manu hwa? In ya girma ya ƙi ci?"

"Sai mu san yadda munka yi."

"Ba ni rariyar in gani."

Haka ta ce, in gani. Mero ta miƙa mata, ta sa yatsu cikin garin tana murzawa, ta tsamo wani ɗan tsinke da ya tsere wa kallabi, ta ce wannan ba ta yi laushi ba, a sake.

Haka sana'ar ta samo asali. Manu ya tashi a kan masar kudaku, ya yi shekara goma bai san me yake ci ba. Matan tungar da 'ya'yansu ke ture miya suka fara zuwa da yamma a asirce, daga nan magana ta kai Illo, Mero ta ɗauki tanda ta koma kasuwa. Garin ganyen a gida ake yin sa, Rahmatu ke tacewa, kuma abin da ya wuce yatsunta ba idon yaron da zai kama shi. Mero na da dokoki biyu da ba ta taɓa yi wa kowa bayaninsu ba. Ba ta ba da masa a ƙwaryarta, kowa ya zo da tasa. In kuma wata uwa ta buɗe baki za ta yaba a gaban ɗanta, sai Mero ta daka mata harara ta ce, "Kin biya, tahi." Macen da a da ke fushi don ba a yabi tuwonta ba, ta ƙare rayuwarta tana korar masu yabo. Ranar da Gwaggo Atika ta rasu, Mero ce ta yi mata wanka.

Abu ɗaya ne ba ta sake iyawa ba. Lokaci-lokaci akan sami yaro mai wayo, irin mai raba masa biyu ya kai ta rana, ya shinshina, sannan ya ɗago kai ya ce, "Inna mai kudaku, akwai ganye ciki?" Nan take bakin Mero ke mutuwa. Sai ta duƙufa kan tanda tana juya masar da ba ta isa juyi ba.

Budurwar nan ta gefenta ce ke dakatar da taɓarya. Ta juyo da fuska wajen muryar yaron, ta yi masa murmushi.

"Ba komi, ƙanena," take cewa. "Kudaku na da ƙuli. Ci abinka."